Haƙuri Daban, Barin Haƙƙi Daban

A garuruwanmu, in aka ce an kori wane daga aiki, abin da ke biyo baya sananne ne. 'Yan'uwa da abokan arziki su zo jaje, a ce masa ya yi haƙuri, arziki na Allah ne, wani hanin ga Allah baiwa ne. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda aka kora yana buƙatar jin sa. Amma da wuya ka ji wani daga cikin masu jajen ya tambaye shi: an ba ka takarda? Me aka rubuta a cikinta? An biya ka kuɗin notis? Kuɗin fanshonka suna shiga? Sai a tashi taro da addu'a, shi kuma ya ce ya bar su da Allah, haƙƙin iyalinsa ya bi ruwa, kamfani kuma ya gane cewa korar ma'aikaci abu ne mai araha.

Ni ma an yi mini irin wannan jajen, kuma abin da na koya a lokacin ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Na yi fiye da shekara biyar ina akawun sito a wani kamfanin kayan roba a Kano. Aikina shi ne in ƙirga abin da ya shigo da abin da ya fita, in rubuta, in sa hannu. Bayan an kawo mana sabon manaja, wata rana mota ta sauke buhunan ƙwayar roba, na ƙirga na ga ba su kai abin da takardar kaya ta ce ba. Aka ce in sa hannu kawai, za a ciko daga baya. Na rubuta adadin da idona ya gani, na sa hannu a kansa, na ajiye kwafi. Daga ranar fuskoki suka canza mini.

Ba a daɗe ba aka kira ni ofishin manaja dab da tashi aiki. Na tarar da shi da jami'in kula da ma'aikata, ga wata takarda a kan tebur an buga ta da Turanci, da sunana a ƙasa, an ɗora biro a kai. Takardar ajiye aiki ce, an rubuta ta da bakina, wai ni ne nake neman tafiya saboda dalilan kaina.

“Malam,” in ji manaja, “ba ma son mu tozarta ka. Kaya sun ɓata a sito, kuma makulli a hannunka yake. Ka sa hannu a nan mu rabu lafiya, mutuncinka a rufe. In ba haka ba, magana ta koma wurin 'yan sanda.”

Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan kujera ya san abin da ke zuwa zuciyar mutum. Ba albashi kake tunawa ba. Kana tuna 'ya'yanka, da surukanka, da maƙwabtan da za su ga an zo da kai gida da ankwa. Abin da ya riƙe hannuna shi ne maganar wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kaduna wanda ya daɗe a harkar ƙungiyar ƙwadago. Ya sha faɗa mini: “Ɗana, duk takardar da aka ce sai ka sa mata hannu yanzu-yanzu, ba don amfaninka aka rubuta ta ba.” Sai na ce wa manaja: “Ranka ya daɗe, ni ban nemi barin aiki ba. In kamfani ne ba ya so na, a ba ni takardar sallama da dalili. In kuma ana tuhumata da sata, a rubuto mini, zan amsa a rubuce.”

Washegari da safe maigadi ya tare ni a bakin ƙofa. Tsoho ne, mun saba, kullum sai mun gaisa. Ranar ya kasa haɗa ido da ni. “Malam, ka yi mini aikin gafara,” ya ce, “an ce kada in bari ka shiga.” Ya miƙo mini ambulan da hannu biyu. A ciki layi biyu ne kawai: kamfani ba ya buƙatar aikina daga ranar. Ba a ambaci sata ba, ba a ambaci albashin watan da na riga na yi ba, kuma har yau ban ga ɗan sanda ba.

Darasi na farko ke nan, kuma shi ne mafi girma: kada ka sa hannu a takardar ajiye aiki alhali ba kai ka yi niyyar tafiya ba. Mai kamfani ba don tausayinka yake miƙo maka ita ba. In shi ya kore ka, akwai notis a wuyansa, akwai tambayar dalili, akwai yiwuwar tsayawa gaban alƙali. In kai ka ajiye, ya wanke hannunsa, har ma yana iya cewa kai ne kake da bashin notis. Gaskiya ne kotun ma'aikata tana ɗaukar murabus ɗin dole a matsayin kora, amma kai ne za ka kawo hujjar cewa tilasta maka aka yi, a ɗakin da daga kai sai su. Wani direba da muka yi aiki tare, wanda ba ya karanta Turanci, an kira shi a makon da aka kore ni, aka ce masa takardar karɓar haƙƙoƙinsa ce. Ya dangwala. Da muka kai wa lauya kwafin, sai ya nuna mana cewa takardar ta ce ya bar aiki da kansa, ya kuma karɓi duk abin da yake bi. Bai karɓi ko sisi ba. Kowa yana da damar ya ce a ba shi lokaci ya karanta, ko ya kai wa wanda zai karanta masa. Wanda ya hana ka wannan damar ya riga ya gaya maka abin da ke cikin takardar.

Darasi na biyu kuwa, tun ran gini ran zane. Shari'ar kora tun ranar ɗaukar aiki ake cin ta ko a faɗi. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1974, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki a sashe na 7 ya ba ma'aikaci takarda kafin cikar wata uku da fara aiki, mai ɗauke da irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da hutu, da notis ɗin da kowane ɓangare zai bayar in za a rabu. Amma ka shiga Bompai ko Sharaɗa ko Challawa ka tambayi leburori da direbobi da masu gadi, ka ji nawa ne ke da ita. Mafi yawanmu ta hannun wani aka kawo mu, kawu ko maigidan unguwa, sai mutum ya ga neman takarda kamar rashin yarda ne da wanda ya yi masa hanya. Wannan kunyar ce ke cin mu, kuma kunyar mara kunya asara ce.

Abin da ya tsaya mini ba iya magana ba ne, wata tsohuwar jakar takardu ce: takardar ɗaukar aiki, ta tabbatar da ni, takardun albashi, da kwafin ƙirgar buhunan nan. Wanda ba a ba shi takardar ɗauka ba, kada ya ce shi ke nan. Rashin ta laifin mai aiki ne, ba ya soke aikin da aka yi. Alat ɗin banki na kowane wata hujja ce. Katin shaidar aiki hujja ne. Saƙon WhatsApp da oga ya turo yana ba da umarni hujja ne, haka abokan aikin da za su iya shaida. A ajiye kwafin komai a gida, domin ranar kora ba a barin mutum ya koma ya buɗe durowarsa.

Na uku, doka ta ba ma'aikaci abubuwa da yawa da bai san da su ba. Sashe na 11 ya jera mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar ko fiye. Notis na mako ɗaya zuwa sama dole ne ya zama a rubuce. In mai aiki ba ya son jira, sai ya biya kuɗin wannan lokacin, in kuma yarjejeniyarku ta faɗi notis da ya fi haka tsawo, ita za a bi. Albashin da aka riga aka yi wa aiki ba ya faɗuwa saboda an kori mutum. Wanda ya cika shekara yana aiki yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki da cikakken albashi. Ba a yarda a kori mutum don ya shiga ƙungiyar ƙwadago ba. Mace mai ciki tana da hutun mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata shida tana aiki, kuma haramun ne a ba ta takardar sallama tana cikin wannan hutun. In rage ma'aikata za a yi, sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili, a fara da waɗanda suka zo daga baya tare da duba cancanta, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa kan kuɗin sallama.

Wannan doka ta fi shafar masu aikin ƙarfi da akawuna. Manajoji da ƙwararru irin su injiniyoyi da likitoci ba su cikin ma'anar ma'aikaci a ƙarƙashinta, don haka su takardar yarjejeniyarsu ce babbar garkuwarsu, sai kuma kotu.

Sai maganar fansho, wadda nan ne ake cin ma'aikata ba su sani ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya ƙara kashi 10, a zuba su a asusun ma'aikaci cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Da na nemi bayanin asusuna bayan an kore ni, sai na tarar an daɗe ana yankar nawa kason, amma ba ya isa inda aka ce. Wannan bashi ne a kan kamfani, har da tara, kuma hukumar kula da fansho, PenCom, tana karɓar ƙorafi a kansa. Wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba, ya kuma yi wata huɗu bai sami wani ba, yana da damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa. Ga mai iyali da ke zaune ba albashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Darasi na huɗu shi ne wanda ya fi ba ni mamaki: doka ta matsa gaba, mu ne ba mu ji ba. A da, ƙa'idar da muka gada daga Ingila ita ce mai kamfani yana iya sallamar ma'aikaci da dalili mai kyau, ko mummuna, ko ba dalili sam, muddin ya ba da notis. Haka Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1993 a shari'ar Chukwumah da kamfanin Shell, kuma abin da wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba zai samu bai wuce kuɗin notis ba. Har yau da wannan tsohon karatun manajoji da yawa suke aiki.

Amma an yi wa kundin tsarin mulki gyara na uku a 2010, ya fara aiki a watan Maris na 2011. Sashe na 254C ya mayar da duk wata rigimar aiki hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ita kaɗai, ya kuma ba ta ikon duba zaluncin wurin aiki da auna shi da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Daga cikin waɗannan akwai yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1982, wadda ta ce kada a sallami ma'aikaci sai da dalili ingantacce da ya shafi iya aikinsa, ko halinsa, ko buƙatar tafiyar kamfani, kuma kada a kore shi kan wani laifi sai an ba shi damar kare kansa. Nijeriya ba ta rattaba hannu a kanta ba, amma kotun ma'aikata tana ɗaukar ta a matsayin ma'aunin kyakkyawan aiki. A 2015, a shari'ar Aloysius da bankin Diamond, kotun ta ce sallama ba tare da dalili ba ta saɓa wa wannan ma'auni. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da diyyar albashin shekara biyu ga wata ma'aikaciya da kamfanin Sahara Energy ya kora ba bisa ƙa'ida ba. Tsohuwar ƙa'idar ba ta mutu murus ba, lauyoyin kamfanoni suna kafa hujja da ita, wani lokaci kuma su yi nasara. Duk da haka, takarda mai layi biyu irin wadda maigadi ya miƙo mini ta daina zama ƙarshen magana.

A nan akwai bambancin da ya kamata kowa ya sani. Ma'aikacin gwamnati wanda doka ce ta tsara aikinsa, in aka kore shi ba a bi matakan da dokar ta shimfiɗa ba, kotu tana iya mayar da shi bakin aikinsa da duk albashinsa na baya. Haka ta faru da malamai 49 na Jami'ar Ilori da aka kora a 2001, Kotun Ƙoli ta mayar da su a 2009. Ma'aikacin kamfani mai zaman kansa kuwa, da wuya kotu ta tilasta a mayar da shi. Abin da yake nema shi ne kuɗinsa, da diyya, da wanke sunansa.

Na biyar, neman haƙƙi hanya gare shi, kuma ba da faɗa ake fara shi ba. Dattijon nan ya hana ni komawa bakin kamfani in yi hayaniya, ya hana ni zagin kowa a Facebook. “Kada ka ba su sandar dukanka,” ya ce. Na rubuta wa kamfani takarda cikin ladabi, na jera abin da nake bi, na sa aka buga mini hatimin karɓa a kwafina. Da suka yi shiru, na kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ke da ofisoshi a jihohi, kuma jami'anta suna kiran ɓangarorin biyu su zaunar da su. Wakilin kamfani ya zo, ya amince da albashin watan ƙarshe, ya ƙi sauran. Daga nan na ɗauki lauya muka shigar da ƙara a kotun ma'aikata, wadda ke da reshe a Kano da Kaduna da Jos da Abuja da wasu biranen, tana kuma da cibiyar sulhu tata. Da magana ta kai ga a kawo littafin sito a haɗa da kwafin ƙirgata, sai kamfani ya nemi sulhu. Aka biya ni albashina, da kuɗin notis na wata ɗaya, da na hutun da ban ci ba, aka zuba bashin fanshona, aka ba ni takardar shaidar aiki da ba ta da tabo. Wannan ta ƙarshe ita ta fi mini komai, domin da ita na sami aikin da nake yi yanzu.

Ba zan ce hanyar da sauƙi ba. Ta ci lokaci, ta ci kuɗin mota, an sha ɗage zama, kuma har a cikin dangi akwai masu cewa ina ja da masu kuɗi. Malaman Ilori shekara takwas suka yi. Ma'aikatan masaƙar KTL ta Kaduna, da aka rufe a 2002, sun shafe shekaru masu yawa suna bin haƙƙoƙinsu, wasu har suka rasu ba su gani ba. Shi ya sa sulhu mai adalci ya fi doguwar shari'a, in an samu. Sai dai kamfani ba ya zama teburin sulhu da wanda ya san ba zai je ko'ina ba. Kuma kada a yi jinkiri, domin ƙara tana da wa'adi. A kan hukumomin gwamnati akwai dokar da ta sa iyakar wata uku, kotuna kuma sun sha bamban kan ko ta shafi rigimar aiki, saboda haka mai hankali ba ya bari wata ukun ya cika. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya fara da ƙungiyarsa in yana da ita, ko ofishin ƙwadago, ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, ko hukumar ba da tallafin lauya ga marasa ƙarfi.

Akwai maganar da ta wajaba in yi wa masu ɗaukar aiki, kuma ba manyan kamfanoni kaɗai nake nufi ba. Har da mai makarantar kuɗi da ke sallamar malamai ana gobe dogon hutu don kada ya biya albashin hutun, da mai gidan mai, da mai kanti, da mai gidan burodi. Ba wanda ya ce ka riƙe ɓarawo ko malalaci. Doka ta ba ka damar korar wanda ya yi babban laifi ba tare da notis ba. Abin da ake nema a wurinka kaɗan ne: ka faɗa masa laifinsa, ka saurari bakinsa, ka rubuta dalilinka, ka biya shi guminsa. Kafin dokar Nijeriya, addininmu ya riga ya yi wannan maganar. Hadisi ingantacce ya lissafa wanda ya ci gumin ɗan ƙwadago ya hana shi ladansa cikin mutum ukun da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama. Mai zuwa sahun gaba a masallaci yana riƙe da albashin direbansa ya kamata ya ji tsoron wannan fiye da sammacin kotu.

Abokan aiki su ma su sani, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ranar da aka hana ni shiga, da yawa sun sunkuyar da kai sun wuce, kuma ban ga laifinsu ba, kowa yana da bakin da yake ciyarwa. Amma da muna da ƙungiya a kamfanin, da ba a kira direban nan shi kaɗai an sa shi dangwale ba. Shiga ƙungiyar ƙwadago haƙƙi ne da kundin tsarin mulki ya ba kowane ma'aikaci.

Na yi haƙuri da abin da Allah ya ƙaddara mini, na kuma nemi haƙƙina, ban ga inda ɗaya ya ci karo da ɗaya ba. Saboda haka, ɗan'uwa ma'aikaci, in ba ka da takardar ɗaukar aiki, ka neme ta tun ana dariya da kai. Ka duba asusun fanshonka a wannan watan. In kuma ka je yi wa wani jajen kora, bayan addu'a ka tambaye shi ko ya sa hannu a wata takarda, ka karanta masa abin da aka ba shi, ka raka shi ofishin ƙwadago.